Hanya Ta Kowa Ce: Zaman Babur, Tasi Da Bas A Titunan Tamale

Daga wani malamin makaranta, Dabokpa, Tamale

Duk wanda yake so ya san halinmu na gaskiya, mu mazauna Tamale, to, kada ya je gidan suna ko wajen ɗaurin aure, domin a can kowa natsattse ne. Ya zo ya tsaya bakin titi a nan Dabokpa da misalin ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa suka fito gaba ɗaya. Zai ga dattijon da ya gama gaisawa da maƙwabta cikin ladabi, amma da ya hau babur sai ya koma wani mutum dabam. Zai ga uwa ta goya jariri, ta ɗora yaro ɗaya a gaba, biyu a baya, tana kutsawa tsakanin bas da tirela. Zai ga mai yalo-yalo ya ci birki a tsakiyar titi don wani ya ɗaga masa hannu, na bayansa kuwa su san yadda za su yi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani benci da ya zauna babu kowa a ajinmu. Shekara biyu ke nan, saura mako uku a fara jarrabawar BECE, wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe, yaro mai ƙoƙari ƙwarai a lissafi, ya hau bayan babur ɗin wansa za a kawo shi makaranta. A gabansu akwai bas tana tafiya a hankali. Wan ya ga ɗan fili ta hannun damanta, sai ya shiga zai wuce. Daidai wannan lokaci bas ta karkato dama za ta sauke fasinja, ta matse su da bakin kwalbati. Wan ya tsira da ƙujewa. Ƙanen kuwa cinyarsa ta karye, kansa ya bugu da siminti, ga shi babu hular kwano. Da abokansa suka shiga ɗakin jarrabawa, shi yana kwance a asibiti.

Muna cikin waɗanda suka isa wurin kafin a ɗauke shi, mun kuwa ji abin da kowa ya ce. Direban bas, dattijo ne mai furfura, jikinsa na rawa yana cewa, "Wallahi, ɗana, ban gan ka ba." Saurayin yana kuka yana cewa, "Baba, ai ba ka sa sigina ba." Wata fasinja kuma ta ce ita ce ta ce a tsaya, sai da aka zo daidai wurin ta tuna. Abin baƙin cikin shi ne, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya yi ɗan kuskurensa wanda ya saba yi kullum ba a ga komai ba, ranar nan sai kurakuran suka haɗu a kan yaro ɗaya.

Yadda Garin Ya Cika

Tun 1907 da Turawan Ingila suka mai da Tamale hedkwatar mulkin Arewa, garin yake bunƙasa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta samu mutum fiye da 370,000 a ƙarƙashin hukumar birnin Tamale, ga kuma fiye da 340,000 a Sagnarigu, wadda yau ba a gane inda ta rabu da Tamale. Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, keke ya daɗe yana sarauta a nan, har aka san Tamale a duk faɗin Ghana da sunan garin kekuna. Saboda haka ne aka ware wa masu keke da babur nasu layi a gefen manyan tituna, abin da garuruwa da yawa na ƙasar nan ba su samu ba.

Sa'an nan babura masu araha suka shigo daga Sin da Indiya, irin su Haojue da Apsonic, kowane gida ya saya. A Tamale babur, ko moto kamar yadda muka fi kiransa, ba na maza ba ne kaɗai. Malamar makaranta da nas da mai sayar da atamfa a kasuwar Aboabo duk suna tuƙa nasu. Bayan babur sai ga yalo-yalo masu ƙafa uku sun ƙwace yawancin fasinja daga hannun 'yan tasi, ga kuma Motor King na ɗaukar kaya da shanu da mutane a haɗe.

Kada mu manta kuma, babbar hanyar da ta taso daga Kumasi zuwa Bolgatanga da Paga ta tsakiyar garinmu ta ratsa. Tirelolin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar ta nan suke bi, haka ma masu saukowa da albasa da dabbobi. Da yawa daga cikin direbobinsu 'yan'uwanmu ne, da Hausa muke gaisawa da su a tasha. A watan Maris na 2022 Shugaba Akufo-Addo ya buɗe gadar sama ta tsakiyar gari, irinta ta farko a Arewacin Ghana. Gada ta rage cunkoso a inda take, amma siminti da ƙarfe ba su koya wa mutum haƙuri. Layin da aka ware wa masu ƙafa biyu kuwa, a wurare da yawa masu tebur da masu ajiye motoci sun cinye shi, mai babur ya dawo tsakiyar titi yana gogayya da abin da ya fi ƙarfinsa.

Ranar Da Ƙasa Ta Sake Hannu

Mu ba a haife mu ba a lokacin, amma iyayenmu suna ba da labarin ranar Lahadi 4 ga Agusta 1974, zamanin mulkin Acheampong, ranar da Ghana ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Dalili shi ne maƙwabtanmu duka, watau Togo da Kodebuwa da Burkina Faso wadda a lokacin ake kira Upper Volta, a dama suke tuƙi, Nijeriya ma ta riga ta sake nata tun watan Afrilu na 1972. An yi ta shela a rediyo da tashoshin mota da makarantu kafin ranar ta zo. Tsofaffin direbobi sun ce a makonnin farko kowa a hankali yake tafiya, kowa yana duban ɗan'uwansa, domin kowa ya san shi sabon shiga ne.

To, idan ƙasa guda za ta iya sake hannu a rana ɗaya, me zai hana gari ɗaya ya tsaya a hannun da ya riga ya sani? Yau a Tamale mai babur zai bi hannun da ba nasa ba, yana fuskantar motoci, don kawai kada ya ƙara tafiyar minti biyu zuwa inda ake juyawa. In ka yi masa magana sai ya ce, "Ai nan kusa zan je." Da yawa daga cikin waɗanda muka kai makwanci, nan kusa za su je.

Kowa Da Kukansa

Mun zauna da masu babur a majalisar shayi, mun zauna da direbobi a tasha, kowa kuma yana da ƙorafi mai ƙarfi. Mai babur ya ce masu mota ba su ɗauke shi mutum ba. Za a matse shi har gefen kwalta, za a buɗe ƙofar mota a gabansa ba tare da an waiwaya ba, da dare kuma a haske masa ido da babbar fitila har ya rasa inda hanya take. Da damina mai mota zai watsa masa ruwan taɓo ya wuce ko sannu babu.

Mai tasi da mai motar gida suka ce babur kamar sauro yake, ba ka san ta inda zai ɓullo ba. Ta dama, ta hagu, daga lungu ba tare da tsayawa ba, wani ya cire madubi don ado, wani fitilarsa ta baya ta mutu tun bara. In danja ta nuna ja, mota ta tsaya, babur ya wuce abinsa kamar ba da shi ake ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne, in aka yi karo, jama'a ba sa tambayar wa ke da laifi, mai mota ake rufarwa.

Direban bas da na tirela suka ce su kam nauyi ne a kansu. Motar da ta ɗauko mutum hamsin, ko buhu ɗari shida na siminti, ba ta tsayawa don an taka birki, sai ta ja tafiya. Amma ƙaramar mota za ta sha gabanta ta tsaya nan take. Mai yalo-yalo kuma ya ce shi fasinja ne ubangidansa, inda aka ce tsaya nan zai tsaya, in ya wuce a yi masa faɗa, ga kuɗin balas da mai keken yake jira da yamma.

Mun saurare su duka, sai muka tuna da maganar magabata cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya zagi mai babur da safe yana cikin mota, shi ne zai hau babur da la'asar ya yi abin da ya zaga.

Abin Da Doka Ta Ce, Da Abin Da Lissafi Ya Ce

Dokar hanya ta Ghana ba ɓoyayya ba ce. Akwai babbar doka ta 2004, mai lamba 683, da ƙa'idojin 2012 da aka fi sani da L.I. 2180. Hukumar DVLA ke ba da lasin, na babur kuma aji A ne, ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. 'Yan sandan sashen MTTD ke tsare doka a titi. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1999, an ƙara mata ƙarfi a 2019 ta zama NRSA. Ga kaɗan daga cikin abin da kowane mai hawa titi ya kamata ya sani kamar yadda ya san sunansa.

Tafiya a hannun dama ake yi, wuce mota kuma ta hagunta. Mai tafiya a hankali ya raɓa dama ya bar wa mai sauri hagu. A shataletale wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, mai shigowa ya dakata ya dubi hagunsa. Mai fitowa daga lungu ya tsaya cak kafin ya hau babban titi. Sigina kafin a juya ake sa ta, ba bayan an fara juyawa ba. Hular kwano wajibi ce a kan mai tuƙi da wanda ya goya. Gudu a cikin gari kada ya wuce kilomita 50 a awa, kusa da makaranta ko asibiti ko kasuwa ko wurin ibada kuwa 30, a babbar hanya ta bayan gari 90.

Da yake mu malaman makaranta ne, bari mu yi ɗan lissafi a allo. Abin hawan da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafa ta isa birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce. Watau ka riga ka ci tsawon bas guda kafin birki ya fara aiki. Mai gudun 30 mita 8 zai ci, mai gudun 80 kuwa mita 22. Bayan haka, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ja kafin a tsaya ninkuwa yake sau huɗu. Wannan ba dokar gwamnati ba ce balle a roƙi alfarma, haka Allah ya tsara nauyi da gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A nan Ghana, a 2021 an rasa kusan mutum 3,000, a 2022 da 2023 da 2024 kuma kowace shekara fiye da 2,000. Waɗannan shekaru, 5 zuwa 29, su ne shekarun waɗanda ke zaune a gabanmu a aji da yayyensu.

Makantar Babbar Mota

Akwai abu ɗaya da muke roƙon kowane mai babur ya riƙe, ko da zai manta da sauran. Babbar mota tana da wuraren da direbanta ba ya gani ko kaɗan: daf da hancinta, daf da bayanta, da kuma gefen damanta, wanda ya fi nisa da kujerarsa. Direban nan da ya rantse bai ga ɗalibinmu ba, gaskiya ya faɗa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, to, shi ma ba ya ganinka.

Sa'an nan tirela in za ta juya dama, sai ta fara buɗewa hagu don ta sami fili. Mai babur da ke bayanta sai ya ga hanya ta buɗe ta dama, ya ce an ba shi wuri, ya shiga. Ashe tarko ne, domin tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi, su share duk abin da ke cikin lungun. Wanda ya jira daƙiƙa goma ya bar ta ta gama juyawa, zai ci tuwon dare a gidansa.

Su ma manyan direbobi akwai nasu. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2016 ba, lokacin da bas ɗin da ta taso daga Kumasi zuwa Tamale ta yi taho-mu-gama da motar tumatir kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 kuma bas biyu suka haɗu a wannan yanki, aka sake rasa fiye da 50, wasu wuta ta cinye su. Taho-mu-gama ba ya yiwuwa sai in wata mota ta bar hannunta. Ko barci ne, ko wuce mota a kwana, ko lalacewar birki, ƙarshensa ɗaya ne. Mu fasinjoji kuma mu ji tsoron Allah. Sau nawa muka ce wa direba, "Malam, taka mana, dare na yi," alhali kamata ya yi mu ce ya sassauta?

Namu Laifin, Mu Iyaye

Ba 'yan sanda ne ke miƙa wa yaro ɗan shekara 12 makullin babur a aike shi sayen gawayi ba, mu ne. Ranar Sallah da ranar Damba da ranar kai amarya, samari suna tseren babura suna ɗaga tayar gaba, mu manya muna kallo muna dariya. Hular kwano tana rataye a hannun babur, sai an hango 'yan sanda a kifa ta. Mata na cewa tana ɓata ɗaurin kallabi, maza na cewa zafi. Gaskiya ne akwai zafi a Tamale, musamman watan Maris da Afrilu, amma zafin hula da yamma yake ƙarewa, ciwon kai da aka fasa kuwa wani har kabari.

In kuma aka kama yaro babu lasin babu hula, kafin a kai babur ofis uba ya riga ya tara manyan unguwa a je a ba da haƙuri. Roƙon alfarma halinmu ne mai kyau a wurinsa, amma a nan muna koya wa yaro cewa doka ta marasa gata ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu Hausawa da sauran mutanen zango ya kamata mu fi kowa sanin ladabin hanya, domin hanya ce ta kawo mu ƙasar nan. Kakanninmu fatake da suka yi ta zuwa Salaga sayen goro ba su yi tafiyar watanni da ɗaruruwan jakuna a hargitse ba. Ayari yana da jagaba a gaba, da madugu mai faɗa a ji, da uban dawaki mai kula da na baya, kowa ya san gurbinsa, mai ƙarfi yana jiran mai rauni. Bugu da ƙari, muna zaune ne da Dagomba masu gari, mutanen da yaro ke durƙusawa ya gai da babba. In ɗanmu ya buge tsohuwa ya gudu, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi yaron zango ne. Mutuncin da iyayenmu suka tara shekara da shekaru, babur ɗaya na iya zubar da shi.

Abin Da Za Mu Iya Tun Gobe

Ba sai mun jira gwamnati ba. Limamanmu sun sha gaya mana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta ibada ce. Muna roƙonsu su maimaita wannan a huɗuba, su kira babur da sunansa. Sarakunan zango da shugabannin samari su sa baki a kan tseren biki. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU da shugabannin 'yan yalo-yalo su tsai da wuraren sauke fasinja, mu kuma fasinja mu faɗi inda za mu sauka tun da nisa, mu yarda mu taka 'yan sawu kaɗan. Masu kasa kaya a layin babura su ja baya, hukumar birni kuma ta sama musu wuri. Mai sayen babur ya sayi hula biyu tare da shi, ya bar madubi inda kamfani ya sa shi.

A makarantarmu mun fara ɗan abin da za mu iya. Kowace Juma'a a wajen taron safe muna ɗaukar minti biyar a kan hanya: yadda ake tsallaka titi, inda ake tsayawa, abin da launukan danja ke nufi. Mun kuma gaya wa yara, in wanda ya goya ka zai wuce bas ta dama, ka taɓa kafaɗarsa ka ce, "Yaya, mu jira." Wata yarinya ta ba mu labari cewa ta faɗa wa mahaifinta haka, ya yi tsaki, amma ya jira.

Ɗalibin namu ya warke, alhamdu lillahi, ko da yake yana ɗan ɗingishi. Ya maimaita aji, ya zauna jarrabawa da ƙannensa, ya ci, yanzu yana babbar sakandare. Shekara guda ta tafi a kan daƙiƙa goma da wansa bai jira ba, da siginar da dattijo bai sa ba. Mun ji kuwa direban ya je gaishe shi har sau uku, shi da wan yanzu suna gaisawa in sun haɗu a hanya.

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, in kunne ya ji kuma jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya kai kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.